Waɗanda Ba Su Kai Ƙara Ba

Litinin, bayan la'asar

Yau aka ba ni sabon aiki. Hukumarmu ce gwamnati ta ɗora wa kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma bara ta buɗe ofishin karɓar ƙorafi a ƙasan gininmu, da kujeru masu laushi da ruwan sanyi da ma'aikata biyu. Sai dai babu mai zuwa. Ma'aikatan nan sun karance duk jaridar da ke garin. Takardun tambayoyi da aka raba wa jama'a sun dawo da cewa wai kowa ya gamsu. Darakta bai yarda ba, ni ma haka. Shi ne ya ce in ɗauki rikoda in je in zauna da mutane, su faɗa da bakinsu abin da ke hana su kawo ƙara idan an cuce su.

Mai Lissafi, da teburinsa ke kallon nawa, ya ce, "Wato an sake biyan ki ki je hira."

Na ce, "Kai ma ai biyan ka ake yi ka ƙirga mutanen da ba ka taɓa gaisawa da su ba."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Na nemi izinin safiyar Laraba. Na shirya ƙarya mai kyau a kan ciwon haƙori, tun daga bakin ƙofa nake dafe da kunci. Darakta ya ce ba komai, ko kai bai ɗago ba. Na fito da ƙaryata ban taɓa ta ba.

Laraba, da azahar

Na je asibitin. Bene na uku, ƙofar ƙarshe. Sun ɗebi ɗan abin da za su ɗiba daga wurin, sun ce in koma gida sai sun kira. Nas ɗin ta tambaya ko akwai wanda ya rako ni, na ce yana jira a mota.

Babu kowa a mota. Babu ma motar. Da hannun hagu na riƙe ƙarfen bas har gida, na daman ya ƙi ɗaguwa.

Alhamis, bayan magariba

Zama na farko, da mata 'yan kasuwa, a wani ajin makaranta da aka ara mana. Fanka ɗaya ce ke juyawa, kowa na neman zama ƙarƙashinta. Na yi musu bayanin da na saba: babu amsa mai kyau ko mara kyau, duk mai son tashi ta tashi, kuma ba za a rubuta sunan kowa ba.

Wata mai sayar da kwanuka ta gyara zama ta ce, "To 'yar gwamnati, in ba a rubuta sunana ba, wa zai san ni aka cuta?"

Aji ya kaure da dariya. Daga nan baki ya buɗe.

Wata ta ce ta taɓa zuwa banki a kan kuɗin da aka cire mata ba dalili, yarinyar da ke bayan gilashi ta riƙa yi mata magana da ƙarfi kamar kurma, har duk mutanen layi suka san abin da ke cikin asusunta. Ta ce tun ranar ba ta sake komawa ba. Wata ta ce ita ba ta ma san akwai inda ake kai ƙarar banki ba, ta ɗauka banki shi ne ƙarshe. Wata matashiya ta zauna can baya, ba ta ce uffan ba har muka tashi. Sai da na kashe rikoda ina naɗe waya ta matso ta ce, "Idan mutum ya kai ƙara, gida ake kira?" Na ce me ya sa. Ta ce a gidansu babu wanda ya san tana da asusu.

Kullum haka ne. Maganar gaske sai an kashe rikoda take fitowa.

Na dawo na dafa shinkafa ta mutum biyu. Tun da 'yata ta tafi jami'a hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba. Ta kira ina cikin ci, tana ta ƙorafin jarrabawar ƙarshe da za su fara wata mai zuwa. Ta ce, "Mama, ke fa, lafiya dai?"

Lafiya lau na ce.

Asabar, da hantsi

Na wanke labulen falo. Ba su yi datti ba.

Lahadi, da yamma

Asibiti ba su kira ba. Ai ba sa aiki yau. Na sani.

Talata, bayan la'asar

Yau hira ta mutum ɗaya ce, a ƙaramin ɗakin da ke bayan ofishinmu. Wani dattijo, tsohon direban manyan bas, ya zo cikin kaya masu guga har suna kaifi. A rahoto zan ba shi lamba, amma a nan Baba Direba zan ce masa. Kafin ya zauna sai da ya leƙa waje ya ja ƙofa da kansa.

Ya fara da aikinsa. Ya ce duk tsawon shekarun da ya yi a kan titi ko akuya bai taɓa bugewa ba. Na bar shi. Na koyi cewa mutum yakan fara nuna maka ko shi wane ne kafin ya nuna maka inda ya faɗi.

Wani ne ya kira shi a waya. Ya san cikakken sunansa, ya san bankinsa, murya mai ladabi. Ya ce za a rufe masa kati kafin yamma in bai faɗi lambar sirri an sabunta ba. Ya faɗa. Kafin ya gama saka takalmi ya tafi bankin, fanshon da ya tara ya tafi.

Na ce, "Baba, ka gaya wa wani?"

"Ke ce ta farko."

"Banki fa?"

Ya daɗe yana kallon jar fitilar rikodar. Sannan ya ce, "Ɗana a banki yake aiki, 'yata. Shi ya buɗe min asusun. Da bakinsa ya ce, Baba, ko ni na tambaye ka lambar nan kada ka ba ni."

Na tambaye shi me yake tsoro in yaran suka sani. Tambayar tana cikin tsarin hirar, na yi ta ga mutane da yawa. Ya ce:

"Ba faɗa nake tsoro ba. Da za su yi min faɗa da na ji daɗi. Za su karɓe katin, sannan su fara yi min magana a hankali. Kin san muryar nan da ake yi wa mara lafiya? Ita. Daga ranar na tashi daga uba."

Ya kamata in ce, ƙara yi min bayani. Haka ƙa'idar take. Na zuba masa ruwa kawai, na zuba wa kaina.

Da zai tafi ya ce kada in damu da shi, akwai wasu lauyoyi da ke kiransa, sun ce za su dawo masa da kuɗin in ya biya na buɗe fayil. Na ce kada ya tura musu komai sai mun yi magana. Ya yi murmushi irin na manya in yaro ya ba su shawara.

Laraba, da safe

Asibiti sun kira. Wai ba sa faɗa a waya, in zo gobe.

Alhamis, da la'asar

Likitan nan yaro ne, zan iya haifarsa. Ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya zana min hoton wurin a bayan wata takarda, ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce an gan shi da wuri, ya maimaita hakan har na fara zargin ba da wurin ba ne. Za a yi tiyata nan da 'yan makonni. Dole in zo da wani nawa, wanda zai sa hannu ya kuma zauna da ni.

Duk maganar nan a hankali ya yi ta.

Na fito na tsaya a shagon da ke gaban asibiti na sayi soso da sabulun wanke-wanke. Ina da su a gida. Mai shagon ya ba ni canji ya ce a sauka lafiya, na ji kamar in zauna a kan bencinsa in gaya masa komai, tunda bai san ni ba.

Juma'a, da yamma

Yaya ta kira. Tun da ta yi ritaya daga shugabancin makaranta ni ce ɗalibarta da ta rage. Ta ba ni labarin surukarta da ba ta iya shanya ba, da maƙwabcin da ya toshe musu magudanar ruwa, da gwiwarta. Can ta tsaya.

"Me ya sami muryarki?"

"Mura ce, Yaya."

"Kin sha magani ko sai na zo na ɗura miki?"

Lafiya lau na ce. Ta ci gaba da maƙwabci.

Litinin, da azahar

Na wuni da abin sauraro a kunne ina rubuta hirarrakin kalma bayan kalma. Abin da na fi ƙi a aikin nan shi ne jin muryata. "Uhm." "Ina jin ka." "Sai me ya faru?" Mace mai natsuwa, wadda ba ta da wata damuwa a duniya sai ta wanda ke gabanta. Ban san ta ba.

Darakta ya saurari hirar Baba Direba. Ya kira ni ofishinsa idonsa na ƙyalli. Akwai taro da shugabannin bankuna ƙarshen mako mai zuwa, yana so a kunna musu muryar. Ya ce, "Mutanen nan takarda ba ta motsa su. Na kai musu rahoto sun sa shi ƙarƙashin kofin shayi. Amma su ji tsohon nan yana cewa ɗansa a banki yake, wallahi sai ɗakin ya yi tsit."

Na ce abin da nake tsoro kenan. Muryarsa ba irin wadda ake mantawa ba ce, kuma ba mu san wa zai zauna a ɗakin ba, ko wa zai ɗauka a waya ya tura wa wa.

Ya ce ai babu suna.

Na ce ɗa ba ya buƙatar suna kafin ya gane muryar ubansa.

Ya ce in nemi izinin tsohon, in ya yarda shi kenan.

Talata, bayan magariba

Na kira Baba Direba. Da na faɗi maganar taron sai da numfashinsa ya canza. Ya ce, "Kin yi min alkawari." Na ce alkawarin yana nan, tambaya kawai aka ce in yi. Ya ce to amsar a'a ce. Na ce na ji.

Sannan na gaya masa gaskiya a kan lauyoyin nan: su ne dai mutanen farko, ko 'yan'uwansu, sun dawo kwashe abin da ya saura. Na ɗauka zai musa.

Ya ce, "Na fara zargin haka."

"To me ya sa kake ɗaga musu waya, Baba?"

"Su kaɗai suka san abin da ya same ni. Kullum da safe sai sun kira, ranka ya daɗe an tashi lafiya, ya jikin. Yarana sai ƙarshen mako."

Na roƙe shi ya zo ofishin ƙorafi ranar Alhamis, zan sauko da kaina in zauna da shi. Ya ce zai duba.

Na ajiye wayar a kan tebur. Firji yana ta gurnani. Ban taɓa lura da ƙarfin ƙararsa ba sai kwanakin nan.

Laraba, da asuba

Na kwanta a gadon 'yata. Ban san dalili ba. Filon ya daina ƙanshinta.

Alhamis, da la'asar

Baba Direba ya zo. Ta taga na hango shi a tsallaken titi, da hularsa da wata 'yar jaka a hammata. Ya tsallako har bakin ƙofa, mai gadi ya tambaye shi wurin wa ya zo da kuma a kan me, da ƙarfi, a gaban masu jiran mota. Kafin in sauko daga bene ya juya. Na fita har titi, na ga bayansa yana sauri kamar wanda ya manta wani abu a wuta.

Na kira bai ɗauka ba.

Na rubuta a rahoto cewa ƙofar kanta tana korar mutane. Ban ga laifin mai gadin ba, haka aka ce ya riƙa tambaya.

Asabar, da azahar

'Yata ta turo hoton teburinta cike da littattafai, da rubutu: ki yi min addu'a. Na rubuta mata doguwar amsa, na goge, na tura mata Allah ya ba da sa'a.

In na faɗa yanzu za ta bar jarrabawar ta taho. Na san ta. Wannan dalili ne mai kyau, kowa zai yarda da shi. Dalilin ɓoye wa Yaya ne ban samo ba tukuna.

Litinin, da yamma

Mun yi da Darakta. Ba mugu ba ne, ya gaji ne da shekarun da ya yi yana magana ba a ji. Ya ce rikodin na hukuma ne, ba nawa ba. Na ce haka ne, amma bakina ne ya yi alkawarin, kuma ranar da aka ji mun kunna muryar wanda ya ce a'a, babu wanda zai sake zama gaban rikodarmu. Ya ce ko a ɗan sauya muryar da na'ura. Na ce labarin ɗan ma ya isa ya tona shi.

Muryata ta yi sama fiye da yadda na so. Ya dube ni ya ce, "Lafiyarki kuwa? Kin rame."

Lafiya lau na ce.

A ƙarshe mun tsaya a kan ni zan karanta maganar da bakina. Zan mai da Baba Direba tsohon ma'aikacin gidan waya, zan cire ɗan gaba ɗaya. Darakta ya ce na cire wa maganar haƙora. Wataƙila.

Na kuma ce masa zan buƙaci hutun rashin lafiya daga tsakiyar mako mai zuwa. Ya buɗe baki zai tambaya, na ce haƙori ne. Ya kalle ni, ya kalli takardar, ya sa hannu.

Laraba, da safe

Nas ta kira tana neman sunan wanda zai zo da ni. Na ce zan turo.

Juma'a, bayan la'asar

An yi taron. Dogon tebur, sanyi kamar cikin firji, maza cikin kwat da mata ƙalilan, rabinsu ido na kan waya. Mai Lissafi ya fara da alƙalumansa, suna ta gyaɗa kai. Sannan ni.

Na karanta na mai kwanuka, aka yi dariya. Na karanta na matar da aka yi wa magana kamar kurma, dariyar ta ragu. Na zo kan na Baba. Ina tafiya daidai har na kai inda ya ce za su fara yi masa magana a hankali. Na tsaya ina kallon takardar, haruffan suna iyo. Ban san tsawon lokacin ba. Mai Lissafi ya turo min ruwa ta ƙarƙashin hannunsa bai dube ni ba. Na sha, na ƙarasa.

Wani mai furfura a gefe ya ce, "Labari ne mai taɓa zuciya. Amma mutum nawa ne irinsa?"

Na ce ban sani ba, irin aikina ba ya ƙirga.

Mai Lissafi ya ce, "Mu ma ba mu sani ba, ranka ya daɗe, don ba mu taɓa tambaya ba. A takardarmu akwai na gamsu, akwai ban gamsu ba. Babu na ji kunya. Za mu sa a ta gaba."

An amince hukuma ta gwada layin waya da mutum zai kira ya faɗi matsalarsa kafin a nemi sunansa, kuma a daina tare mutane da tambaya a ƙofa. Batun keɓe ɗaki a rassan bankuna kuwa, wasu sun ce to, yawancinsu sun ce za su duba. Darakta bai yi murna sosai ba, bai kuma yi fushi ba.

A wurin wanke hannu wata daga cikin matan bankin ta tsaya kusa da ni tana gyara ɗankwali. Ba ta kalle ni ba, madubi take kallo. Ta ce, "Mahaifiyata ta daina barin in ga wayarta. Watanni kenan." Ta bushe hannunta ta fita.

Asabar, da hantsi

Baba Direba ne ya kira da kansa, da wata sabuwar lamba.

Ya ce ranar da ya juya daga ƙofarmu bai koma gida ba, gidan babbar 'yarsa ya wuce, ya zauna a falonta ya faɗa mata. Ita ta kira ɗan. Ɗan ya shigar da ƙara ta wurin aikinsa, an ce da wuya a samo wani abu. An canza masa layi.

Na ce, "Katin fa?"

"Sun karɓe. Abin da na gaya miki ne, babu ragi. Jiya jikata ta ce, Kaka zauna in ɗauko maka takalmi. Ni da na tuƙa mota cike da mutane a kan gadar da ruwa ya shanye."

"Ka yi nadama, Baba?"

"Ban sani ba tukuna. Wayar nan shiru take yini, kamar dutse. Amma ina barci."

Ya yi min godiya, ban san ta mece ce ba. Ya ce in gaishe da maigida da yara. Na ce za su ji.

Lahadi, da la'asar

Na kira Yaya. Ta ɗauka da labarin magudanar ruwa a bakinta. Na bari ta kai tsakiya, na ce, "Yaya, ki yi shiru, ina da magana."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce mata haka ba. Ta yi shiru.

Na faɗa. Har sunan abin na faɗa, karo na farko da ya fita daga bakina. Na faɗi ranar tiyata.

Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"An ɗan jima."

"An ɗan jima. Ranar da kika ce min mura ce kin sani?"

"Yaya, don Allah kada ki…"

"Kada in me? Ke har kin yi girman da za ki ɓoye min abu? Ni na goya ki fa! Mara kunya kawai, 'yar rainin hankali, kina can ke kaɗai a gida kamar wadda ba ta da kowa, kina sa ni ina ba ki labarin kwata!"

Ta yi ta yi, muryarta har tana fashewa a wayar. Na zame na zauna a ƙasan kicin, bayana jikin kabad, ina saurare. Ban so ta daina ba.

Litinin, bayan magariba

Yaya ta iso da azahar da jaka kamar mai ƙaura. Ba ta rungume ni ba. Ta shiga kicin ta ce wannan ba wurin ajiye tukwane ba ne, ta sauke komai ta sake jerawa. Yanzu ban san inda gishiri yake ba.

Ta yanke hukunci: gobe 'yata ke rubuta takarda ta ƙarshe, da ta fito za a gaya mata, kuma ni zan faɗa, ba ita ba. Na tura wa nas sunan Yaya.

Tana falo tana faɗa da mai karanta labarai a talabijin.

Talata, da yamma

Na gaya wa 'yata a waya. Ta fito daga jarrabawa tana dariya, ƙawayenta na ihu a bayanta, na ce ta nemi wuri ta zauna.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kullum sai na tambaye ki, Mama. Kullum."

Na ce saboda jarrabawarta ne.

Ta ce, "Kada ki ɗora min." Sannan ta ce za ta hau motar farko, ta kashe wayar.

Gobe da sassafe ne tiyatar.

Asabar, ban san ƙarfe nawa ba

An yi. Ina asibiti. Da hagu nake rubutu. Likita ya ce sun cire abin da suka gani, sauran bayani sai sakamako ya fito. Akwai wani magani a gaba, mai tsawo.

'Yata tana nan. Tana gyara min filo, tana ba ni ruwa, ba ta yi min magana sai ta zama dole.

Laraba, da hantsi

Gida. Mai Lissafi ya aiko da lemo cikin leda da saƙo wai Allah ya ba haƙori lafiya.

'Yata ta fita sayen magani. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa ta ce, "Kina son wani abu?" Na ce a'a. Ta ɗan jima a tsaye kafin ta tafi. Da sauran tafiya tsakaninmu.

Yau ne nas ta ce a canza bandeji a gida. Yaya ta tafasa ruwa, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta zaunar da ni a bakin gado ta sa tabaranta. Na juya fuskata bango. Tun da aka yi ban kalli wurin ba.

Ta ɓare a hankali. Ina jin numfashinta a kafaɗata.

Na ce, "Yaya, ya yake?"

Ta ce, "Sun yi aiki mai tsabta. Zauna daidai, kin wani karkace kamar tsohuwa."

Ta goge, ta rufe, ta saka min riga, ta ɓalla maɓallan har wuya. Ta kwashi kwanon ruwan ta tafi kicin.

Tun ɗazu famfo yake a buɗe. Kwano ɗaya ne kawai ta tafi da shi.